Daga Anchau Zuwa Ɗakin Shan Magani na Ƙauye

A cikin shekarun 1930, sa'ad da ciwon barci ya yi ƙamari a lardin Zazzau, har ya zamana mutum kan shiga gari da hantsi ya tarar da magidanta suna gyangyaɗi a bakin zaure alhali gonakinsu na jiran noma, hukumar Turawa ta kafa ma'aikata ta musamman domin yaƙi da wannan cuta wadda ƙudan tsando ke yaɗawa daga kurmin bakin rafi. Ma'aikatan kan bi gari gari, dagaci ya tara jama'a, a jera su sahu sahu, malamin asibiti ya bi yana shafa wuyan kowa yana neman kaluluwa. Wanda aka same shi da ita a tsotsi ruwanta a duba a madubin likita, in an ga ƙwayar cutar a sa shi cikin masu karɓar allura.

Amma da aiki ya kai ƙasar Anchau, sai ta bayyana cewa allura ba ta raba mutum da ciwon muddin gobe zai koma ɗiban ruwa a rafin da tsando yake. Saboda haka, bisa jagorancin wani masanin ƙwari mai suna Dakta Nash, wanda ya wallafa bayanin aikin a 1948, aka sare kurmin rafuka, aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, aka tayar da ƙananan ƙauyuka aka mai da su wuraren da aka share, aka kuma gina sabon gari mai faɗin hanyoyi aka sa masa suna Takalafiya. Bai kamata a ɓoye ba cewa akwai tilas a cikin al'amarin, domin ba da son ransa talaka ya bar kufan kakanninsa ba, kuma ba a yi shawara da shi ba. Duk da haka asalin hikimar sahihiya ce: lafiyar jama'a tana farawa daga rijiya da mahauta da tsabtar gari, tun kafin a kai ga gadon asibiti.

Wannan ra'ayi shi ne duniya ta taru ta tabbatar a birnin Alma-Ata a 1978, kuma shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ya ɗauka da gaske da ya zama ministan lafiya a 1985. Ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin su zama abin koyi, ya ƙarfafa allurar rigakafi da shayar da nonon uwa da ruwan gishiri da sukari ga yaron da gudawa ta kama, abin da ba ya cin kuɗi amma ya tsare rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin sayar da magani da rahusa, a riƙa juya kuɗin ana sake sayo wani, a 1992 kuma aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda aka ɗora wa amanar. An bai wa tarayya manyan asibitocin koyarwa, an bai wa jihohi asibitocin gari, sa'an nan ɗakin shan magani na ƙauye, wanda shi ne mafi kusa da mafi yawan al'umma, inda mai naƙuda da mai zazzaɓin cizon sauro ke fara zuwa, aka bar shi a wuyan ƙaramar hukuma, wadda ita ce mafi rauni cikin ukun, kasonta ma a lokacin sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha kafin ya iso gare ta. Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san karkara: gini a tsaye da sabon fenti, amma babu unguwarzoma da dare, babu wutar da za ta sanyaya maganin rigakafi, malamin kuwa ya rubuta takarda ya ce a je kemis. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta cika shi ba.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta nemi gyara wannan, da ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe, aka kuma tsara cewa wani ɓangare ya faɗa kai tsaye cikin asusun asibitin mazaɓa, malamin da ke riƙe da shi tare da kwamitin mutanen gari su sa hannu a fitar. A ganina wannan ya fi kowane sabon gini muhimmanci, domin ya ba mai gyaran famfo da mai sayen auduga ikon yin haka ba tare da jiran sakatariya ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma wajibi ne jama'ar kowace mazaɓa su riƙa tambayar shugabansu nawa ne daga ciki ya isa ɗakin shan maganinsu.