Garmar Shanu da Tantan: Abin da Ƙaramar Gona Ta Karɓa

Duk wanda ya sayi sabuwar gona a ƙasar Hausa a yau, ko ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a eka goma, ko ɗan kasuwa ne da ya gaji da hayaniyar birni, da wuya ya yi mako guda bai fara tambayar kuɗin tarakta ba. Zai ji sunan Massey Ferguson, zai ji na Mahindra da John Deere, a lissafa masa ƙarfin doki, a nuna masa haro da rija da tirela. Tambayar tasa, wato ta kayan aikin da ya dace da gona, ta girme shi, domin an kusa shekara ɗari ana yin ta a Arewa, kuma Turawan mulki da gwamnatocin soja da na farar hula duk sun amsa ta da kuɗin jama'a. Amsoshin nan suna kwance a Samaru da Mokwa da Bauchi da Gwambe ga mai son ya duba. Abin da na fahimta daga cikinsu shi ne, kayan aikin da ya zauna da gindinsa a ƙaramar gona shi ne wanda ya zo daidai da faɗinta, wanda ake iya gyara shi a kasuwar ƙauye, wanda kuma ya sauƙaƙa aikin da ya fi shaƙe manomi. Wanda ya rasa waɗannan, komai ƙarfinsa, tsatsa ce ta gaje shi.

Sai an san gonar da aka tarar kafin a gane dalili. Manomin Kano ko Katsina na farkon ƙarni na ashirin yana da garma ta hannu don huɗa, da sungumi don shuka, da fartanya don noma, da lauje da magirbi don girbi, kuma maƙerin garinsu ne ya ƙera su duka. A kan kunya yake shuka, ya haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya, ya bar gawo da ɗorawa da kaɗanya a tsaye a tsakiyar gona saboda inuwa da abinci da taki. Damina wata huɗu ce ko biyar, kuma kwanakin da ke yanke hukuncin shekara ba su da yawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi tun daga kakar 1912, sai kowane mai gandu ya so ya ƙara fili. Ƙasa ba ta ƙare ba a lokacin. Hannu ne ya gaza.

A cikin wannan hali Sashen Aikin Gona na mulkin mallaka, ƙarƙashin O. T. Faulkner, ya ɓullo da shirin haɗa noma da kiwo. An kafa tashar bincike a Samaru a 1922, aka buɗe gonar dabbobi a Shika a 1928, kuma a wannan shekarar aka fara shirin da manoma uku kacal. Baitulmalin En'e ke ba da bashin bijimai biyu da garma, manomi ya tumɓuke kututturan gonarsa, ya turke shanun a gida ya riƙa tara kashinsu. Taki shi ne babban burin Faulkner, domin yana tsoron ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu za ta gaji. Da farko abin ya tafi da ɗingishi. Yawancin waɗanda suka fara karɓa hakimai ne da dagatai da ma'aikatan En'e, wasunsu don su faranta wa Bature rai kawai, kuma shanu sun mutu a hannun waɗanda ba su san kiwo ba. Amma kafin tsakiyar shekarun 1960 masu garmar shanu sun kai dubun-dubata, kuma daga baya mutane suka riƙa sayen abinsu a kasuwa ba tare da sun bi ta hannun malamin gona ba.

Dalilin wannan karɓuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan hujjar take. Garmar da ta yaɗu, wadda ake kira Emcot, mai fukafukai biyu ce, tana tsaga ƙasa ta jefa ta dama da hagu, wato kunya take yi, irin kunyar da manomi ya gada daga kakanninsa. Ba ta nemi ya sake tsarin gonarsa ba, kuma tana kewaye gawo ta wuce. Da ita ake huɗa, da ita ake ban ƙasa bayan shuka ta tasa, abin da ke binne ciyawar kwari ya rage wa fartanya aiki. In bakinta ya cinye, maƙeri ya ƙera wani daga tsohon ƙarfen mota, kuma da tafiya ta yi tafiya maƙeran Arewa suka koyi ƙera ta gaba ɗaya. Abincin shanun kuwa daga gonar yake fitowa, kara da harawa da dusa, su mayar mata da taki. Sannan ga wani lissafi da babu injin da ya taɓa yin irinsa: bijimin da aka saya ƙarami, aka yi shekara uku ko huɗu ana huɗa da shi, ya fi tsada ranar da za a kai shi kara fiye da ranar da aka sayo shi. Mai shanu in ya gama tasa gonar sai ya yi wa maƙwabta huɗa a biya shi, da rani kuma ya ɗaura amalanke ya yi dakon taki da ƙasa da amfanin gona. Mary Tiffen, wadda ta yi nazarin ƙasar Gwambe, ta nuna yadda garmar shanu da auduga suka riƙe hannun juna suka buɗe dajin kudancin masarautar, da himmar manoman kansu fiye da umarnin hukuma.

A daidai wannan zamani tarakta ma ta samu damarta, da kuɗin da ya ninka na shanu sau ba adadi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila na fama da ƙarancin man girki, sai ta ɗora ranta a kan noman gyaɗa da injuna a ƙasashen da take mulka. A Tanganyika an narkar da fiye da fam miliyan 30 kafin a haƙura a 1951. A Nijeriya kuwa an kafa shirin Mokwa a ƙasar Nufawa a 1949, a ƙarƙashin wani kamfani na haɗin gwiwar gwamnati da Hukumar Raya Ƙasashen Mallaka. An tsara a ba kowane magidanci eka 24, tarakta ta yi masa kaftu, shi da iyalinsa su yi sauran aikin, in an girbe kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Saiwoyin itatuwa suka riƙa karya kayan aiki, mutanen da aka sa ran za su yi tururuwa ba su zo da yawa ba, waɗanda suka zo kuma suka tarar da abin da kowane manomi zai iya faɗa wa masu shirin tun farko. Injin zai buɗe eka 24 cikin 'yan kwanaki, amma ciyawa za ta fito a eka 24 a lokaci guda, fartanyar kuma tana nan a hannun mutum ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. A 1954 Hukumar Raya Ƙasashen Mallaka ta janye. Binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi daga Samaru a ƙauyukan Zariya, irin su Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, a shekarun 1960, ya tabbatar da wannan da alƙaluma: watannin Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, su ne wuyan kwalbar manomin Arewa, wato lokacin da aiki ya fi shaƙe shi.

Da kuɗin fetur suka shigo sai aka sake gwadawa, wannan karon da hannun 'yan ƙasa. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari a 1980, aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, jihohi suka buɗe ofisoshin ba da hayar tantan a kan farashi mai rahusa. Kamfanin Steyr ya riƙa harhaɗa tarakta a Bauchi, na Fiat kuma a Kano. Manoman wancan zamani suna tuna yadda abin ya kasance: a rubuta suna tun da bazara, tarakta ta fara da gonakin masu faɗa a ji, ta iso ga talaka bayan lokacin shuka ya wuce, ko ta tsaya a hanya saboda wani ɗan ƙarfe da sai an yi odarsa daga Turai. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, kayan gyara suka fi ƙarfin ma'aikatu, harabobin ofisoshin gona suka cika da injunan da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Shanun huɗa kuwa sun sha farin 1973, sun sha annobar bushiya ta 1983, kuma bayan kowace masifa manoma sun sake haɗa karkiya da kuɗin aljihunsu.

Za a ce laifin na mutane ne, ba na inji ba: sakaci ne da son kai da cin amana suka kashe tantan ɗin gwamnati, wanda ya sayi tasa da guminsa zai kula da ita. Akwai gaskiya a nan, kuma masu tarakta na kansu da suke cin riba a yau shaida ne. Sai dai a dubi yadda suke cin ribar. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey 375 da ta cika Arewa, tana iya gama haron eka goma a yini ɗaya ko biyu. Sauran kwanakin shekara tana zaune tana cin kuɗi, darajarta na raguwa, taya na tsagewa a rana. Shi ya sa masu ita suke bin ruwa, su fara aiki a inda damina ke sauka da wuri, su riƙa hawowa arewa, daga baya su koma dako da tirela. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, da direbanta da makanikenta da bashin da ake bin manoma har kaka. Wanda ya saya don eka goma, ko ya sani ko bai sani ba, ya shiga sana'ar haya ne, kuma gara ya yanke shawarar shigarta da idonsa biyu.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na son in wuce ta da sauri. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna da Neja, ajiye bijimai biyu a gida ya zama kiran ɓarayin daji. Dubban manoma an kore musu shanun huɗa, wasu sun rasa rayukansu a kai, wasu sun sayar da nasu da araha sun koma fartanya. Ba za a ce wa irin wannan mutum ya koma ga shawarar Faulkner ba. Haka kuma laka mai tauri ta fadama ta fi ƙarfin shanu in ba ta jiƙa sosai ba, sannan mai gonar da ke zaune a birni ba shi da yaron da zai yi kiwo shekara zagaye. Duk wannan haka yake. Amma tarihin bai ɗaure mu da sa ba, sharuɗɗan da suka sa aka karɓi sa su ne abin riƙewa, kuma akwai injunan da suka cika su. Ƙaramin injin ban ruwa ya mamaye fadamun Arewa tun daga shekarun 1980, ya kori jigo, domin mutum ɗaya na iya sayensa, ya ɗora shi a babur, mai gyaran babur kuma ya san cikinsa. Injin niƙa da injin casa sun bi wannan hanya. Goyon feshi da maganin ciyawa sun sassauta wuyan kwalbar nan ta Yuni da Yuli fiye da duk tantan ɗin da aka taɓa rabawa, duk da illar da ke tattare da feshi ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu kuma ƙaramar tarakta mai taya biyu, wadda ake bi a baya ana riƙe da ita, tana samun gindin zama a wuraren noman shinkafa na Kebbi da Jigawa da Kano.

Ita kanta tarakta da ta yi suna a duniya da wannan tunani aka ƙera ta. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ailan, garma ya fara tunani kafin inji. Abin da ya ƙirƙiro shi ne hanyar ɗaura kayan aiki a bayan tarakta a wurare uku, ta yadda garma da inji za su zama jiki ɗaya, nauyin ƙasar da ake ja ya danne tayoyin baya. Saboda haka 'yar ƙaramar TE20 da aka fara ƙerawa a Coventry a 1946, mai ƙarfin doki ashirin da 'yan kai, ta iya maye gurbin dawakin ƙananan manoman Ingila. Da wannan tsari ya kamata sabon mai gona ya bi kasuwa: ya fara sanin ƙasarsa jigawa ce ko laka, ya ƙirga kututturan da ke cikinta, ya tantance aikin da zai fi neman hannu a abin da zai shuka, sa'annan ya nemi ƙarfen da ke yin wannan aiki, injin da zai ja shi ya zo a ƙarshe. A jigawa mai yashi garmar faifai mai nitso ba ta da wani amfani, haro ma in aka maimaita shi kowace shekara yana niƙe ƙasa ya bar ta ga iska da zaizaya, rija ce ke yin abin da ake bukata. Mai eka biyar zuwa goma a irin wannan ƙasa zai fi samun sauƙi ya yi hayar tantan na yini ɗaya in ruwa ya sauka, ko ya kira mai shanu inda ake da kwanciyar hankali, ya juya kuɗin da ya tanada zuwa rijiyar burtsatse da taki da ɗakin ajiya. Wanda gonarsa fadama ce kuma yake noman rani da damina, shi ne ƙaramin inji mai taya biyu zai biya wa bukata, muddin ya je kasuwar da ta fi kusa da shi ya ga kayan gyaransa a kan tebur, ya kuma sami makaniken da ya taɓa kwance irinsa ya mayar.