Darasi Biyu Daga Shekarar 1996

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a fayyace musu komai ba. Raɗaɗin wannan na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003.

A daidai lokacin, Hukumar Lafiya ta Duniya na wani bincike a ƙasashen Afirka, har da jiharmu ta Kaduna, kan makantar da baƙin ƙudan rafi ke haddasawa. Tambayar ita ce: wa ya fi dacewa ya tsara rabon maganin Mectizan? Aka bar ƙauyuka suka zaɓi masu rabawa, suka tsayar da rana, suna auna tsayin mutum da sanda don sanin adadin ƙwaya. Rabon ya fi wanda aka tsara wa ƙauyuka daga waje isa ga jama'a, har tsarin ya bazu a nahiyar.

Saboda haka mu mutanen Kawo, idan masu bincike suka yi sallama, kada mu tsaya ga izinin mai unguwa kawai. Mu tambayi wa zai tsara aikin, kuma yaushe za a dawo mana da sakamako.