Yadda hoton MRI ya riga allura a gwajin kansar furostet

A watan Nuwamban 2025, kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan gwajin cututtuka ya ƙi goyon bayan a riƙa yi wa dukkan maza gwajin kansar furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Hujjarsa ita ce gwajin jini na PSA yana jefa mutane cikin wahalar allura da tiyatar da ba su buƙata. Masu adawa suka ce hoton MRI ya riga ya sauya wannan lissafi.

A da, likita da yatsa yake lalubawa, ya soka allura inda ya ji tauri. A 1989 likitocin Jami'ar Stanford da ke Amurka suka fito da tsarin gutsuro nama daga wurare 6 ta dubura, daga baya aka kai 12. Laluben duhu ne: allura kan tsallake mugun ƙari, ta faɗa kan wanda ba zai taɓa kashe mutum ba, ga zubar jini, ga zazzaɓi.

Wasu na cewa ƙarfin sababbin na'urorin MRI ne ya kawo sauyi daga wannan laluben. Ban yarda ba. Binciken PROMIS da Hashim Ahmed da Mark Emberton na Landan suka jagoranta, wanda ya fito a 2017, da na'urori masu matsakaicin ƙarfi aka yi shi a kan maza 576. Hoton ya gano kashi 93 cikin ɗari na kansa mai haɗari, tsohon tsarin allura ya gano kashi 48. Sirrin yana wurin masu karanta hoto, waɗanda tun 2012 suka samu ma'auni guda mai suna PI-RADS, mai ba kowane tabo maki daga 1 zuwa 5. A 2018 binciken PRECISION ya biyo baya: kashi 28 na waɗanda aka fara yi wa hoto ba a soka musu allura ba sam. A 2019 hukumar lafiya ta NICE a Ingila ta ce hoto ne farko.

Amfanin bai kai ga kowa ba. A Amurka, baƙaƙen fata da mazauna karkara ba su samun hoton kamar farare da mutanen birni, alhali baƙar fata ya fi kamuwa da cutar, ya fi mutuwa da ita. A Najeriya, inda ita ce kan gaba cikin kansar maza, na'urorin sun taru a manyan birane, kuma yawanci majinyaci ke biya daga aljihunsa.

Sayen na'ura kaɗai ba zai toshe wannan giɓi ba. Sai an horar da likitocin da za su karanta hoton, kuma inshorar lafiya ta ɗauki kuɗinsa, in ba haka ba talaka zai ci gaba da shan allurar 1989.