Alminiyum, Ɗan Gidan Alam

Alam ɗin da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta, shi ne kakan kalmar alminiyum. Da Latin ana kiransa alumen. A 1808 masanin sinadarai na Ingila, Humphry Davy, ya raɗa wa ƙarfen da ke ɓoye cikinsa suna alumium, kafin ma a iya fitar da shi. A 1812 ya mayar da sunan aluminum. Amurka ta riƙe wannan, Ingila ta ɗauki aluminium, mu kuma muka lanƙwasa shi yadda harshe zai ji daɗi.

A kasuwa kuwa sau da yawa dalma ake cewa, musamman ga tukwanen da maƙera ke zubawa daga narkakkun gwangwanayen lemo. Amma dalmar asali wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi da guba, don haka ina ganin ya kamata a riƙa bambancewa.

Alminiyum na narkewa a zafin digiri 660. Injiniyoyi kan dama garin silikon kabaid ko tokar ɓuntun shinkafa cikin narkakken alminiyum, ya fito da tauri, ya daɗe bai cinye ba.