Amino asid: Tubalan gina jiki da sirrin dama da hagu

Amino asid ƙananan sinadarai ne da ke sarƙewa da juna kamar duwatsun carbi su samar da furotin, wato abin da ake nufi idan an ce abinci mai gina jiki. Da furotin ake gina tsoka da fata da gashi, kuma furotin ne ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini.

Iri 20 jiki ke amfani da su. Yana iya haɗa 11 da kansa, amma tara sai daga abinci. Ɗaya daga cikin taran nan shi ne laisin, wanda ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara da shinkafa, amma yake wadace a wake. Saboda haka haɗa hatsi da wake, kamar garau-garau, yana cike giɓin ga wanda nama ya yi masa tsada.

Jerin da tubalan ke bi shi ke tantance aikin furotin. A shekarun 1950, Vernon Ingram ya nuna a Ingila cewa cutar sikila ta samo asali ne daga musanyar tubali ɗaya tak a furotin ɗin jini, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ɗan canji ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje.

Dama da hagu

Kowane amino asid yana da ƙwayar zarra ta kabon a tsakiya, riƙe da abubuwa huɗu. Idan huɗun sun bambanta, ana iya jera su ta fuska biyu, kowace tamkar hoton 'yar'uwarta a madubi. Misalinsu tafin hannu: yatsu iri ɗaya ne, amma safar dama ba ta zama daidai a hagu. Masana na kiran fuskokin L da D. Gilaisin ne kaɗai ba shi da tagwaye, domin biyu daga cikin abubuwan da ke jikin kabon ɗinsa iri ɗaya ne.

Tagwayen nauyinsu ɗaya, kuma a zafi ɗaya suke narkewa. Ana bambanta su ne da wani tataccen haske: ɗaya na karkatar da shi dama, ɗayan hagu. A shekarar 1848, Louis Pasteur na Faransa ya zauna da madubin ƙara girma da ɗan hantsaki, ya ware tagwayen ƙanƙarar gishirin tatarik asid ɗaya bayan ɗaya.

Abin mamaki, furotin ɗin mutum da dabba da tsiro duk da fuskar L ake gina su. Shi ya sa jiki ke bambance tagwaye, kamar yadda kuba ke ƙin makullin da ba nata ba. Farin magi ma gulutamet ne na fuskar L, tagwayensa ba ya ba da wannan ɗanɗano.

Darasin magani

Maganin talidomaid, da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, cakuɗe ne na tagwayen biyu. An riƙa bai wa masu juna biyu don laulayi, kuma kafin janye shi a 1961 ya jawo haihuwar jarirai fiye da 10,000 da nakasa. An danganta illar da ɗaya daga cikin tagwayen, sai dai ware shi ba zai hana ba, domin a cikin jiki ɗaya na rikiɗa ya koma ɗayan. A yau manyan hukumomin magunguna na buƙatar a binciki aikin kowace fuska kafin amincewa da sabon magani.