Gadar Malbon da Sanyin Safiya

Jama'a masu saurare, ku kasa kunne, musamman ku masu walda. A shekara ta 1961 aka buɗe gadar King's Bridge a birnin Malbon na ƙasar Ostareliya. Ran 10 ga Yuli 1962 da safe, can lokacin ɗari ne, wata babbar mota ta hau, sai wani sashen gadar ya karye ya lotsa.

Mi ya kawo haka? Ba a gasa ƙarfen sosai ba kafin walda. Kun san ƙarfe mai tauri, in ya huce da gaugawa, gefen ɗinkin gautsi yake yi, ya tsage a ɓoye. Masu bincike har fentin farko suka tarar cikin tsagar. Ashe tun a ma'aikata take, ba a ma kafa gadar ba.