Ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu: Iyakar zafi da ƙarfin lantarki

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, tana da iyakar gudun da kamfanin da ya ƙera ta ya tsara mata. Sai dai wasu kan ɗaga wannan iyaka domin kwamfutar ta ƙara sauri ba tare da sun sayi sabuwa ba.

Dabarar ta yi tashe a shekarar 1998, lokacin da aka gano cewa ana iya ɗaga gudun Celeron 300A na kamfanin Intel daga megahaz 300 zuwa 450.

Yadda zafi ke ƙaruwa

Ƙarin gudu yakan buƙaci ƙarin ƙarfin lantarki, shi kuwa yana haifar da zafi fiye da yadda ake zato. Idan aka ƙara ƙarfin lantarki da kashi 10 cikin ɗari, zafin da ƙwaƙwalwar ke fitarwa kan ƙaru da kimanin kashi 21 cikin ɗari, tun kafin a lissafa na ƙarin gudun.

Akasarin ƙwaƙwalen Intel na kwamfutar tebur suna da iyakar digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, yayin da akasarin samfurin Ryzen 7000 na kamfanin AMD ke da iyakar digiri 95. Da zarar an kai nan, ƙwaƙwalwar kan rage gudu da kanta. Masu wannan sana'a sun fi son zafin ya tsaya ƙasa da digiri 80 zuwa 85 a lokacin aiki mai nauyi.

Ƙarfin lantarki

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, amma abin da ke isa ga ƙwaƙwalwar bai cika wuce bolt 1 zuwa 1.4 ba. Babu adadi guda da ya dace da kowane samfuri, kuma ɓarnar da yawan lantarki ke yi takan taru ne sannu a hankali, ba ta kuma gyaruwa.

A shekarar 2023, bayan wasu ƙwaƙwalen Ryzen 7000 sun ƙone, AMD ya taƙaita lantarkin wani sashe nasu zuwa bolt 1.3. A 2024 kuma Intel ya amince cewa yawan lantarki na lalata wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14, inda ya sa iyakar bolt 1.55, ya kuma ƙara shekara biyu a kan wa'adin garantinsu.

Yanayin ƙasar Hausa

A garuruwa irin su Musawa da Malumfashi da Funtuwa a jihar Katsina, zafin bazara kan kai digiri 40 a watan Afrilu. Fanka ba ta sanyaya ƙwaƙwalwa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki, don haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, kusan haka ƙwaƙwalwar za ta ƙara.

Ke nan saitin da ya ba da digiri 75 a ɗaki mai digiri 22 a Turai, zai iya haura 90 a shagon da babu na'urar sanyaya ɗaki.

Ƙurar hunturu ma kan toshe fanka da kafofin iska, sannan hawa da saukar wutar janareto na iya lalata na'urar da ke raba wuta a cikin kwamfutar.

Matakan kariya

Ana ɗaga gudun ne kaɗan-kaɗan, ana gwada kwamfutar na tsawon sa'o'i a kowane mataki, kuma gara a yi gwajin da tsakar rana a lokacin bazara. Daskarewar allo ko mutuwar kwamfuta ba zato alama ce ta a koma baya.

Intel da AMD duka sun yi gargaɗin cewa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙarin gudu ya jawo. Ga mai shagon buga takardu da kwamfuta ɗaya ce jarinsa, saurin da zai samu bai kai asarar da zai iya tafkawa ba.